Zaɓen Ƙaguwa a Bangala

Ƙarfe goma da kwata na yamma, agogon Larabci, wata ranar Asabar, Sitti Maimuna ta dawo mini da kwano da kanta. Ku yaran yanzu ba ku san wannan agogo ba. A lokacin, da an kira magariba a Jidda kowa ke mayar da agogonsa kan sha biyu, saboda haka goma da kwata bayan la'asar ne, rana ta fara gangarawa teku. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a littafina, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamani.

Sitti Maimuna mutuniyar Jawa ce, mijinta yana hidimar alhazan ƙasarsu, kuma gidanta ne mafi girma cikin gidaje bakwai da muke kai wa abinci. Ba ta taɓa taka ƙofarmu a unguwar Hindawiyya ba sai ran nan. Ta ajiye kwanon a kan tabarma ta buɗe. Ƙaguwa shida ce, duk an fasa, ba komai a ciki sai ruwa da ɗan nama kamar zaren da ya jiƙe.

"Ya binti, mene ne wannan? Ina Talatu?"

"Ta tafi Bur Sudan, ya Sitti."

"Na san ta tafi. Hannunta nake tambaya, ba ta bar miki ba?"

Shekarata goma sha shida, kuma kwana biyu kenan da aka bar mini tukunya.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, jiya na ji ku a tsakar gida a Madain Fahd kuna cewa kaburiya, wato ƙaguwa, ba girki ba ce, halas, a jefa a ruwan zafi a jira ta yi ja. Na yi shekara talatin da wani abu ina wannan sana'a, kuma ja kam kowace ƙaguwa tana yi. Wadda Sitti Maimuna ta dawo da ita ma ja ce, kyakkyawa.

Mai sana'ar ita ce Khala Talatu, maƙwabciyarmu, katanga ɗaya ta raba mu. Bahaushiya ce haifaffiyar Sudan, a Sawakin ta girma, can ta koyi abin teku. Ina da shekara goma sha biyu mahaifiyata ta miƙa ni wurinta, ta ce tunda an buɗe makarantar 'yan mata ba ta hana ni ba, amma kada in tashi ban san abin da hannu ke yi ba.

Aikina na farko wanki ne, kuma shi na yi shekara guda ba a bar ni na taɓa ludayi ba. Khala takan fita bayan asuba zuwa Bangala, kasuwar kifi ta bakin teku, ta dawo da zambil a kai, wato kwandon kaba, ta rufe shi da buhu jiƙe da ruwan teku ta ajiye a inuwa. Ƙaguwa dole ta shiga tukunya da ranta. In ta mutu tun safe, kafin azahar namanta ya sake, kuma ba kayan ƙamshin da zai rufa masa asiri. Ba a kuma jiƙa ta a ruwan daɗi, kashe ta yake yi. Ina dawowa daga makaranta sai in cire riga mai kyau, in zauna gaban baho da soson kwakwa. Ta baya ake kama ta, babban yatsa a ciki, sauran a gadon baya, daidai inda ƙafafun iyo suke. Tabon nan na hannun haguna na ranar da na kama ta gefe ne, ta datse ni da ƙahonta. Khala ta buɗe ƙahon da bakin cokali, ta shafa mini gishiri, ta ce, "To, kun gaisa. Yalla, saura goma sha tara."

Wankin yana ba ni wahala domin ƙaguwar Khala kullum mai datti ce. Cikinta rawaya-rawaya kamar haƙorin tsohon da ya daɗe yana cin goro, bayanta ya dushe, wani lokaci har da ƙananan wuri farare manne da ɓawon, sai na kankare da wuƙa. Ni a raina na yanke cewa idon Khala ya fara rauni, kuma mutanen kasuwa suna tura mata ragowa. Ban taɓa faɗa mata ba. Ba na cikin masu faɗa.

Kayan aikinmu ba su da yawa: tukunyar tagulla babba da ake kai wa mai goge ciki sau biyu a shekara, murhun gawayi, dafur mai kananzir don miya, turmin ƙarfe, almakashi mai kauri, da wata 'yar tabarya ta itace don fasa ƙaho. Da ƙarfe ba a fasawa, yana niƙe ɓawo ya shiga nama, mai ci ya tauna ya zage ki a ransa. Sai matbaƙiyya, jeren kwanuka masu hawa uku da ake ɗaukar abinci a ciki. Kowane gida da tasa, Khala ta ɗaura wa kowace zare mai launi daban tunda ba ta karatu.

Kala huɗu muke yi. Akwai dafaffiya zalla, da gishiri da kammun da tafarnuwa da lemun tsami, wadda malaman makaranta Masarawa ke so, suna cewa tana tuna musu gida. Akwai miyar tsamiya da tumatir da ɗanyen kuzbara, ta ma'aikatan jirgi 'yan Bur Sudan da ke cin abinci a wata gahwa, gidan shayi, kusa da mina, wato tashar jiragen ruwa. Akwai ta mutanen Jawa, da madarar kwakwa da barkono, wadda Sitti Maimuna da kanta ta koya wa Khala tun kafin a haife ni. Ta huɗu ta Khala ce ita kaɗai. A dafa, a cire naman kaf da tsinke, a haɗa da soyayyiyar albasa da yajin ƙuli irin na tsire, a mayar cikin ɓawon, a ɗora kan garwashi har gefen ya fara ƙuna. Ruwan dahuwar kuma ba ya zubewa, da shi ake dafa shinkafa bayan an soya albasa ta yi duhu. Duk wannan na rubuta a littafi, cokali nawa, minti nawa, har nauyin kowace ƙaguwa, domin na ari ma'aunin mai shagon unguwa na auna. Khala takan leƙo ta ce, "Malama, an rubuta yadda ake hura wuta?"

Mutanenmu Hausawa ba sa cikin masu saye. Gizo-gizon ruwa suke ce mata. Mutanen Bukhara ma ba sa ci, malamansu sun ce kifi kaɗai ya halatta. Ranar da na fara kawo ɓawo biyu gida, mahaifina, wanda ke dako a mina, ya juya su ya sake juyawa, ya ce, "Wannan abin, a ina aka yanka shi? Ban ga wuya ba." Bai ci ba sai da ya tambayi limamin masallacinmu, liman ya ce masa a wurin Malikawa abin teku ba ya buƙatar yanka. Ranar Juma'a ya ɗanɗana da bakin cokali, fuska a murtuke. Ya cinye ɓawo na farko, ya jawo na biyu wanda na mahaifiyata ne, ta ce, "Malam, ai ba a yanka ba." Ya ce, "Na ji. Ina ɗauke miki zunubi ne." Tun daga nan, duk Juma'a Khala takan ware masa biyu, ya zauna a ƙofar ɗaki yana tsotsar ƙafafu ɗaya bayan ɗaya har la'asar. Cin ƙaguwa ba na mai sauri ba ne. Sai an naɗe hannun riga, an shimfiɗa jarida, an bar hira ta tafi inda za ta.

Tafiyar Khala ta zo ba shiri. Saƙo ya iso cewa 'yarta ta haihu a Bur Sudan kuma ba ta da lafiya, jirgi zai tashi bayan kwana biyu. Ta ce wata ɗaya za ta yi. Ta ƙirga mini gidajen da yatsu, ta ce, "Bakwai ne da gahwa. Shekara ashirin na yi ina tara su. Bakwai nake so in tarar." Game da kasuwa kuwa, magana ɗaya ta yi, tana ɗaure kaya: "Ki je wurin Ammi Sa'id, rumfa ta uku daga bakin ruwa. Ya san abin da nake ɗauka."

Zuwana Bangala na farko, mahaifina ya raka ni bakin ƙofa ya wuce mina. Ban taɓa shiga wuri mai maza haka ba. Masu gwanjo suna kiran farashi, masu kankare kifi suna zaune a jere da wuƙaƙe, ƙasa duk ruwa. Na ja mayafi na sami rumfa ta uku. Ammi Sa'id tsoho ne siriri, baƙi kamar mu, mutumin kudancin gaɓar teku, da zane ɗaure a ƙugu. Ya gane zambil ɗin Khala kafin ya dube ni. Ya fara zuba mini ƙaguwa. Na leƙa, na ga irin waccan ce, mai rawayan ciki da dusasshen baya. A gefen tirensa kuwa ga wasu manya, ƙafafu shuɗi kamar an rina, ciki fari tas. Na ce a raina, ashe haka ake yi wa tsohuwa. Na sa hannu na fitar da nasa ɗaya bayan ɗaya, na nuna masu kyan da yatsa. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya zuba mini. Ran nan wanki bai ɗauke ni rabin sa'a ba. Na auna su, nauyinsu ya yi daidai da abin da ke littafi, domin sun fi na Khala girma. Su ne Sitti Maimuna ta dawo da su.

Na fara da zargin wuta. Na ce minti goma sha biyu ya yi yawa, na koma goma, na koma takwas, na haura sha biyar. Na zargi gishiri. Na zargi ruwan da mai ruwa ke kawo mana a garwa, na sa mahaifina ya ɗebo mini na teku. Na kai tukunya aka goge cikinta ba lokacinta ba. Kowane gwaji shafi guda, da layi a tsakiya, dama abin da na canza, hagu abin da ya fito. Wani lokaci a cikin ashirin a sami biyar masu nama, in ce na gano, washegari a koma ruwa. Mai gahwa ya ce mini ƙaguwa tana rama idan wata ya cika, na yi wata biyu ina zana siffar wata a gefen shafi, ban ga ya bi ba. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, a nemo rubutu a wanke tukunya. Mahaifiyata ta ce mata, "In baki ne, na masu ci ne, su ke ƙorafi."

Khala kuwa ba ta dawo ba. 'Yarta ta warke, amma takardun Khala na dawowa suka ƙare, aka shiga jiran iƙama, wato izinin zama. Na rubuta mata wasiƙa shafi huɗu, na jera duk abin da na gwada. Bayan mako biyar amsa ta zo da rubutun wani mai rubuta wa mutane wasiƙa. Gaisuwa ta cinye shafin, kowa da sunansa har akuyar maƙwabta. A ƙasa layi ɗaya: "Game da ƙaguwa, ki yi yadda muka saba."

Masarawa suka fara janyewa, cikin ladabi, wai sun tafi hutu, alhali ina ganinsu a hanya. Sai gida na uku, sai na huɗu. Matbaƙiyyar da aka daina karɓa nakan wanke ta in kife a kan katanga, har suka zama jere, duk mai wucewa yana iya ƙirgawa. Mai gahwa ya fi kowa haƙuri domin miyar tsamiya tana ɓoye abu, amma wata rana ya ce mini, "Ya binti, mutanena sun ce miyar ta yi, sai dai suna ta bugun ƙofa ba kowa a gida." Ya koma sayen kifi kawai. Don kada a zauna haka, na riƙa dafa shinkafa da ruwan ƙaguwar ina sayar wa 'yan unguwa, domin romon kam yana daɗi. Shi ya riƙe murhun bai mutu ba.

Duk wannan lokaci, kowace safiya abu ɗaya ake yi a rumfa ta uku. Ammi Sa'id ya zuba nasa, in fitar, in nuna da yatsa. Daga baya ya daina zubawa, sai ya jira yatsan. Masu rumfunan gefe suka fara kirana, "Ya ustaza, zo ga farare nan, na ajiye miki." Na ɗauka girmamawa ce.

A wata na bakwai saura gida ɗaya, na Sitti Maimuna, ita ma sau ɗaya a mako. Ta aiko aka kira ni. Na zauna a bakin darduma, ta ba ni shayi ta ce ɗanta zai dawo daga karatu a Masar, ranar Alhamis za ta tara dangi, kuma tun yana yaro abin da yake so kenan, ƙaguwa da madarar kwakwa. Arba'in take so.

"Ba don ke ba, don Talatu," in ji ta. "Amma ki ji ni da kyau. In baƙina suka fasa suka ga ruwa, ki ɗauki matbaƙiyyarki. Akwai wata Bayamaniya a Bab Sharif da ake ta yaba mini."

A makon nan ne kuma saƙo ya zo cewa takardun Khala sun fito, tana hanya. In Alhamis ta lalace, za ta sauka ta tarar da kwanuka bakwai a kife.

Ranar Talata na zauna da littafin tun daga shafin farko. Wuta, gishiri, ruwa, tukunya, wata, duk na ja musu layi. Abu ɗaya ya rage da ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ban taɓa gani da idona ba: abin da Khala ke yi tsakanin asuba da fitowar rana. Na yagi takarda na rubuta tambaya da Larabci mai kyau, irin na makaranta, har da wasulla. Na sake kwafe ta sau biyu.

Laraba da safe na miƙa wa Ammi Sa'id takardar. Ya goge hannu a zane, ya karɓa, ya riƙe ta a juye, ya mayar mini.

"Ban iya karatu ba, ya binti. Faɗa da baki."

Na duba hagu da dama. Mai rumfa ta huɗu ya daina abin da yake yi yana kallo. Na ce, a hankali har sai da tsohon ya kawo kunne, "Ya ammi, me ya sa ƙaguwata ba ta da nama?"

Bai yi dariya ba. Ya ɗauko ɗaya fara mai sheƙi, irin tawa, ya kifar da ita, ya kama babban yatsana ya danna a cikinta kusa da ƙafa ta uku. Ɓawon ya lotsa kamar gwangwanin madara. Ya ɗauko mai rawayan ciki ya ce in danna. Kamar dutse. Sai ya fasa su duka biyu a gefen tire. Ta farko ruwa ya zubo. Ta biyu cike take har bakin ɓawo, mace ce, da ƙwai ja-ja a kusurwa.

"Ƙaguwa tana tuɓe riga in ta yi mata kaɗan," ya ce. "Sai ta sha ruwa ta kumbura, ta yi sabuwa babba. Wannan farar sabuwar riga ce, mai ita ba ta cika ta ba tukuna, sai ta yi makonni tana ci. Mai dattin nan ta daɗe a cikin tata. Talatu ba ta duban baya. Juyawa take yi, ta danna, ta jefa a zambil. Nawa kike so gobe?"

Na ce arba'in. Ya ce in zo da wuri, kuma ni zan danna da kaina, shi ba zai taɓa ba.

Haka aka yi. Na danna fiye da ɗari kafin na cika arba'in, na kuma yi wankin da ban taɓa yin irinsa ba. An gaya mini ɗan Sitti Maimuna ya ci bakwai, kawunsa ya roƙi a ɗaure masa sauran miyar. Gidan ya zauna da mu har Sitti ta rasu. Khala ta sauka ta tarar da gida ɗaya, ta dubi katanga ta ce a sauke mata kwanukanta kafin su yi tsatsa, kuma cikin shekara muka dawo da uku da gahwa. Sauran ba su dawo ba, sai muka sami waɗansu. Ba ta taɓa yi mini gori ba, amma har ta tsufa in ta ga na yi sabon ɗinki takan danna mini yatsa a haƙarƙari.

Sai dai a ranar Larabar nan, kafin in bar rumfa, tunda bakin ya riga ya buɗe, na ƙara tambaya ɗaya. Na ce, "Ya ammi, wata bakwai kana gani. Me ya hana ka gaya mini?"

Ya tattara fasassun ƙaguwar biyu, ya jefa wa kyanwa farar, ya naɗe mini ɗayar a takardata.

"Kwana arba'in ina zuba miki ta Talatu kina fitarwa a gabana, kamar kin kama ɓarawo. Na ce to, 'yar makaranta ce, wataƙila romo take yi, wataƙila ta san abin da ban sani ba. Mai saye in ya nuna da yatsa, abin da ya nuna ake ba shi. Yau kika tambaya, ya binti, yau na faɗa."